Amsa ga ɗan'uwana na Kano kan abin da muka ƙudurta bayan gudun hijira

Ɗan'uwa, tambaya biyu ka haɗa mini: yadda muka samu zuciyar yin bikin aure alhali yaƙin Sudan bai ƙare ba, da abin da ya hana mu tattara kayanmu mu dawo gida Najeriya. Na san da kyakkyawar niyya ka yi su, amma ta biyun ta ɗan sosa mini rai, saboda haka da ita zan fara.

Ba jiya muka zo ƙasar nan ba. Bayan da Turawa suka kashe Sarkin Musulmi Attahiru a Burmi a 1903, ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ci gaba da tafiya gabas da sauran jama'a, har suka zauna a bakin kogin Nilu kusa da Sinnar, a garin da har yau ake kira da sunansa. Wasu kuma, irin su kakana, niyyar hajji ce ta fito da su a ƙafa, guzuri ya ƙare musu a hanya, suka tsaya tsintar auduga a gonakin Jazira bayan an gama madatsar ruwan Sinnar a 1925, daga nan aure da haihuwa suka riƙe su. Kabarin kakana da na mahaifina duk a nan suke. In na sauka Haɗejiya gobe, a ƙofar gidan wa zan yi sallama?

Wahala kam mun sha ta. A 2022 rikicin ƙasar noma da na sarauta a jihar Nil Azrak ya ci rayukan Hausawa da na maƙwabtansu. A watan Afrilu na 2023 babban yaƙin ya ɓarke, dakarun RSF, masu yaƙi da sojojin gwamnati, suka shiga birnin Madani a ƙarshen shekarar, suka kama Sinja a tsakiyar 2024, muka gudu Gadarif muka zauna a ajin wata makaranta tare da iyalan da ba mu taɓa sani ba. Da sojoji suka ƙwace Sinja a watan Nuwamba muka koma, muka tarar da gida babu ƙofa babu taga, injin ban ruwa ma an tafi da shi.

Dukiya ana iya mayar da ita a hankali. Abin da ya fi damuna shi ne yadda gaisuwa ta gajarce a unguwarmu, kowa yana zargin kowa da cewa shi ya nuna wa ɓarayi gidan wane. Sai na ƙudurta a raina cewa gahawar la'asar za ta dawo ƙofar gidana ko da wake ƙanƙane ne. Uwargida takan soya waken a kan garwashi har ƙamshi ya kai bakin titi, ta daka shi da citta, ta dafa a jabana ta yumɓu, a jera ƙananan kofuna a faranti, turaren wuta yana tashi a gefe. Na aika wa maƙwabcina wanda ba Bahaushe ba ne, wanda tun 2022 muke kauce wa idon juna. Ya zo ya sha kofi ɗaya ya tashi, bai ce komai ba bayan godiya, amma yanzu shi ne yake fara shimfiɗa tabarma. Na kuma yanke wa kaina cewa bayan sallar isha'i ba na buɗe waya, domin hotunan gawarwaki da ake turowa sun hana ni barci, kuma ba su dawo mini da kowa ba.

Bikin da ka gani na 'yata ne, angon kuwa Balarabe ne daga cikin iyalan da muka zauna da su a Gadarif. Na ji an ce a wajenku wai mun zubar da asalinmu. Goggona ma haka ta ce, har ta yi yajin magana da ni. Na tuna mata cewa yaron nan ne ya riƙa bin layin takiyya, inda ake rabon abincin sadaka, yana karɓo mata abinci lokacin da ƙafarta ta kumbura. Ba zan ɓoye maka ba, akwai gidajen da za su karɓi 'yarmu amma su hana mu tasu, kuma abin yana mana ciwo. Sai dai ku ma a Kano kun daɗe kuna auratayya da Fulani da Barebari da Buzaye da Larabawan da fatauci ya kawo, ban ji wanda ya ce kun daina zama Hausawa ba. Dangin ango sun yi jirtik, al'adarsu ta bikin aure, mu muka yi kamu da buɗar kai, kuma na cika alkawarin da na yi wa kaina na cewa ba zan ci bashin ko fam ɗaya don biki ba.

Maganar harshe kuwa, gaskiya ne jikokina da Larabci suke ƙirga kuɗi, da shi kuma suke karatu, kamar yadda naku suke cusa Turanci cikin kowace jimla. Tun da muka dawo na kafa dokar cewa a kan kwanon tuwo Hausa kawai ake yi, kuma kakarsu ta koma yi musu tatsuniyar Gizo da Ƙoƙi da dare. Gonar mahaifina da aka taya a wulaƙance na ƙi sayarwa, bana ma na shuka dawa a rabinta. In kana son taimaka mana, ka nemo mana littattafan Hausa na yara, domin a nan ba a samun su, kuma yawancin yaranmu ba su iya karanta boko ba tukuna.