Amsar Hauwa'u kan funfunar da ke rufe wa ƙwayoyin gadonta baki

Salamu alaikum jama'a, ina wuninku. To Hauwa'u na ji saƙonki tun da rana. Kin ce a lakca an gaya muku funfuna tana kashe ƙwayoyin gadonta idan ta zo barbara, kina tambaya ko shi ne wannan kwelin ɗin. A'a ƙanwata ba shi ba ne. Kwelin tun 1992 Romano da Macino suka gan shi a Italiya, sun ƙara wa funfunar kwafin ƙwayar da ke ba ta launin ruwan goro sai ta koma fara don ta rufe wa ƙwayar baki, amma wannan lokacin da take girmanta ne kawai, ba ruwansa da barbara, ajiye shi gefe. Ni abin da na fahimta kike son ji shi ne ko kashewar ta har abada ce ko ta ɗan lokaci, kuma nan ne kowa yake zamewa.

Duk maganar nan kan Neurospora crassa ake yi, funfunar burodi, kun santa. Tana da jinsi biyu, babban A da ƙaramin a, sai sun haɗu ake samun iri. To a wannan haɗuwar abu biyu ne ke faruwa, kuma wallahi ba ɗaya ba ne.

Na farko RIP, wato sauya haruffan DNA ɗin da ya maimaitu, Eric Selker ne ya gano shi a 1987 a Jami'ar Oregon. Tun kafin cibiyoyin iyayen biyu su narke su zama ɗaya, kowace sai ta binciki DNA ɗinta, in ta ga wani yanki ya maimaitu, kamar haruffa 400 zuwa sama, sai ta bi kwafin biyun duka tana mayar da harafin C zuwa T, ba ta tambayar wanne ne na asali. Wannan ɓarna ce a jikin rubutun, ta tafi kenan, 'ya'ya da jikoki haka za su gada. Da shi take maganin ƙwayoyin nan masu tsalle suna kwafar kansu, shi ya sa da aka karanta DNA ɗinta kaf a 2003, ƙwayoyin gado wajen 10,000, aka ga da ƙyar take da masu kama da juna sosai.

Na biyun MSUD, wato rufe wa ƙwayar da ba ta da abokiyar zama baki, shi ne nake so ki riƙe da kyau. Lokacin miyosis, wato rabuwar da ke samar da iri bayan cibiyoyin sun haɗu, kuromosom (dunƙulen DNA) bakwai na wannan suna jeruwa da bakwai na wancan, kowa da abokinsa. Duk ƙwayar da aka duba ba a ga takwararta a ɗaya gefen ba, sai a ƙera ƙananan RNA a rufe mata baki, ita da duk mai irin rubutunta. Ba a taɓa ko harafi ɗaya ba. Miyosis na ƙarewa ta ci gaba da aikinta.

Ki ɗauki ƙwayar gadon da ake kira Asm-1, ita ke sa iri ya nuna ya yi baƙi. Cikin kowace jaka iri takwas ne a jere kamar wake a kwanso. Ki cire Asm-1 gaba ɗaya daga ɗaya daga cikin iyayen ki haɗa da mai lafiya, hankali zai ce huɗu baƙi huɗu fari ko? To kusan duka fari suke fitowa, har waɗanda suka gaji mai lafiyar, don ita mai lafiyar an same ta ita kaɗai an yi mata shiru. Amma ki bar lalatacciyar a gurbinta, ba ta aikin komai amma tana nan zaune, sai irin da suka gaji mai lafiyar su yi baƙi. Kin ga kenan ba aiki ake dubawa ba, zaman ake dubawa. Wannan a 2001 ne Metzenberg... a'a tsaya, Asm-1 ɗin 1996 ne, shi da Aramayo, a 2001 ne su Shiu suka gano sad-1, ƙwayar da ake buƙata kafin a yi wannan shirun, aka ba abin sunan MSUD.

Kuma wannan misalin har yau yana min ciwo. Muna aji huɗu na rubuta shi tsaf a jarabawa, har da zanen jakar da irin takwas, malamin ya ja min jan biro ya rubuta wai ai duk RIP ne. Na bi shi ofis da takardar a hannuna, na ce Malam in RIP ne ina kwafi na biyun da aka maimaita, ai nan rashi ne ba ƙari ba, ko ɗagowa bai yi ba ya ce maki ya riga ya shiga. Maki goma. Ba makin ne ya dame ni ba, 'yan ajinmu sama da ɗari suka fita da wannan kuskuren a kansu, wasunsu yanzu suna koyarwa.

Akwai kuma na Cryptococcus, wata funfuna mai kama ƙwaƙwalwar masu raunin garkuwar jiki, shi ma a 2010 an ga yana irin nasa shirun lokacin barbara, amma bari kar na cika ki. Ki ɗauko hoton shafin da malaminku ya ba ku ki turo nan, ina so na ga wanne daga cikin biyun yake nufi.