Sunan Louise: daga ina ya fito, me kuma ya dawo da shi?

Tambaya: Malam, ƙanwata da ke aure a Faransa ta ce a ajin 'yarta yara uku ne ke amsa sunan Louise. Ni kuwa tun muna makaranta a Damagaram na ɗauka sunan tsofaffi ne. Mene ne asalinsa?

Amsa: Hajiya, ba ki yi kuskure ba, ya daɗe yana sunan tsofaffi. Ana furta shi Luwiz, kuma shi ne na mata daga Louis, sunan da sarakunan Faransa da yawa suka ɗauka. Tushensa yana cikin harshen ƙabilar Franks, dangin Jamusanci. Kalmomi biyu aka haɗa, ɗaya tana nufin shahara, ɗayar yaƙi, wato wanda ya yi suna a fagen fama. Sunan Sarki Clovis, wanda ya rasu a 511, shi ne baki ya yi ta lanƙwasawa har ya zama Louis.

Mata biyu sun ƙara masa daraja. Louise de Marillac ta haɗa kai da limamin coci Vincent de Paul, a 1633 suka kafa ƙungiyar mata masu hidima ga talakawa da marasa lafiya. Sai Louise Michel, malamar makaranta, wadda ta shiga boren birnin Paris na 1871, aka kore ta zuwa tsibirin Sabuwar Kaledoniya. Har gobe akwai makarantu masu sunanta.

Hukumar ƙididdiga ta Faransa, INSEE, tana da lissafin sunayen jarirai tun daga 1900. A lokacin Louise na sahun gaba. Daga baya ya dusashe, su Martine da Brigitte da Nathalie suka karɓe fage. Bayan shekaru da dama ya farfaɗo, har a 2023 ya zo na ɗaya cikin sunayen 'yan mata.

Abin da ya fi jan hankalina shi ne dalilin. Mu nan mukan yi wa kaka takwara tana raye, a sakaya sunan da Ummi ko Mama. Bafaranshe kuwa yakan guji sunan tsarar mahaifiyarsa da na kakarsa, don yana jin tsufa a cikinsa. Sai masu sunan sun kwanta dama, sannan kunne ya sake jin daɗinsa, abin da kan ɗauki kusan shekara ɗari. A 1993 doka ta sakar wa iyaye mara su zaɓi sunan da suke so, amma duk da haka da yawansu sunan kakannin kakanni suka koma wa.