Tambaya da Amsa: Baƙin Tsuntsayen Kaka a Bakin Teku

Tambaya: Assalamu alaikum. A Ashaiman nake zaune, kusa da Tema. Duk shekara daga watan Satumba nakan ga ƙananan tsuntsaye masu dogayen ƙafafu sun cika tafkin Sakumo. Daga ina suke, kuma yaushe ya fi dacewa in je kallonsu?

Amsa: Wa'alaikumus salam, Malam. Baƙi ne daga nesa. A arewacin Turai da Sibiriya da Girinlan suke yin ƙwai a watannin Yuni da Yuli, sanyi na matsowa su biyo gaɓar tekun Atlantika su gangaro Afirka ta Yamma. Na farko kan iso a ƙarshen Agusta, su yi yawa daga Satumba zuwa Nuwamba, daidai lokacin da shamuwa ke barin ƙasar Hausa. Sakumo na cikin wurare biyar na gaɓar Ghana da aka sa ƙarƙashin yarjejeniyar Ramsar, wato yarjejeniyar duniya ta kare wurare masu dausayi, a 1992, tare da Keta, Songor, Muni-Pomadze da bakin kogin Densu. Ka ga abin nema na ƙofar gidanka.

Ka isa wurin da ƙarfe 6 na safe, ka tashi kafin 10. Bayan nan zafi kan sa iska ta yi ta rawa a kan taɓo, komai kyawun madubin hangen nesanka ba za ka ga siffa sosai ba. Ka tsaya gabas da tsuntsayen domin rana ta kasance a bayanka. In ka fuskance ta, inuwa kawai za ka gani.

In a bakin tekun kansa za ka tsaya, to cikowar ruwa ce ke da iko. Teku na cika sau biyu a yini, tsakanin cika da cika awa 12 da minti 25, kuma kullum lokacin na ƙara jinkiri da kusan minti 50. Ka zauna awa biyu kafin cikar, ruwa ne zai koro maka su har gabanka. Tafkin Sakumo kuwa ya fi bin ruwan sama: in ya cika maƙil babu taɓon kiwo, sai ya fara janyewa suke taruwa. Kada ka bari har Disamba, hazo zai rage maka gani.

Tambaya: Na sayi madubin hangen nesa mai lamba 20x50, amma hoton sai rawa yake yi, kuma duk tsuntsayen toka-toka nake ganinsu. Ina kuskuren yake? Daga wata ɗaliba a Legas.

Amsa: Malama, laifin ba na idonki ba ne. Lambar farko yawan kusantowa ce, ta biyu faɗin gilashin gaba a milimita. Madubin da ya kusanto da abu sau 20 yana ninka rawar hannu sau 20, sai an ɗora shi a kan ƙafafu uku. Na riƙewa a hannu shi ne 8x42, ko 10x42 in hannunki ba ya rawa. Ki daidaita shi sau ɗaya: rufe idon dama, ki juya maburgin tsakiya har abu ya fito tar, sannan ki rufe na hagu ki juya zoben da ke kan idon dama. Iskar teku na barin gishiri da yashi a gilashi. Kada ki goge da gefen mayafi, yashin zai karce shi. Ki hure tukuna, sannan ki shafa da ƙyalle mai laushi da ɗan ruwan sha.

Toka-tokan kuwa gaskiyarki ce, domin sun zubar da gashin ado kafin su iso, launi ba zai taimake ki ba. Ki dubi baki da tafiya. Ɗan fari-fari mai baƙin ƙafa da ke bin igiyar ruwa a guje, ta dawo ya gudu, shi ne sandalin. Babba mai launin ƙasa, bakinsa ya lanƙwasa ƙasa kamar lauje, da zane biyu a ka, yana zaƙulo ƙaguwa daga rami, wimbiral ke nan. Mai kaɗa wutsiya sama da ƙasa ba hutawa a gefen dutse wani ne daban. Wanda ke ruga, ya tsaya cak, ya tsinci abu, dangin zakaran ƙeƙuwa ne. Ki riƙe huɗun nan su zama ma'auni, duk baƙon da ya bayyana ki gwada girmansa da nasu.

In kin hango zobba masu launi a ƙafar tsuntsu, irin waɗanda masu bincike ke sa musu don bin diddiginsu, ki rubuta su nan take: ƙafar hagu tukuna, daga sama zuwa ƙasa, sannan ta dama, da kwanan wata da wurin. Ƙungiyar Nigerian Conservation Foundation da ke Lekki za ta nuna miki inda ake kai irin wannan rahoto.

Abu ɗaya muke roƙo, ke da Malam na Ashaiman: in kun ga sun daina kiwo sun ɗaga kai gaba ɗaya, kun matso da yawa, ku ja baya. Sandalin ɗan mitsitsin tsuntsu ne, ya yi tafiyar dubban kilomita, kuma kowane firgici da ya tashe shi yana ƙone kitsen da yake ƙoƙarin mayarwa.