Ga ƙanwata mai shirin zuwa Legon

Ƙanwata, saƙonki ya iso, Allah ya sanya alheri a wannan gurbi da Jami'ar Ghana da ke Legon a Accra ta ba ki. Kin tambaye ni ko za ki iya tahowa da kyanwarki da tukwanen furanninki, da kuma ko gaskiya ne Accra ba ta barci saboda kiɗa.

Kyanwa dai ki bar ta wurin Umma tukuna. Ɗakin kwanan ɗalibai ba wurin dabba ba ne. A cikin gari kuma masu gida kan nemi kuɗin hayar shekara ɗaya ko biyu a dunƙule, alhali dokar haya wata shida ta yarda a karɓa, kin ga baƙuwa mai neman wurin sa haƙarƙari bai kamata ta ƙara wa kanta wani sharaɗi ba. In kin samu ɗaki a Nima ko Mamobi, unguwannin Zango inda Hausawa da sauran Musulmi suka fi yawa, kuliyoyi sun cika gidajen haya, wata za ta liƙe miki da kanta. Karnuka ne za su ba ki mamaki. A unguwanni irin su East Legon kare ɗan gida ne, ana yi masa wanka, ana kai shi wurin likita. Kada ki kushe wa mutane abinsu, ki dai tambaya ko akwai kare kafin ki biya haya.

Furanni kuwa, a nan za ki more. Shukar da kike wahalar yi wa ban ruwa safe da yamma a Kano, nan danshin teku ya yi miki rabin aikin, kuma masu sayar da dashe suna jere a bakin titi. Ruwan ne ma yake yin yawa. Daga Afrilu zuwa Yuli, tukunyar da ba a huda gindinta ba saiwar cikinta ruɓewa take yi. Wannan ruwan shi ne dalilin da nake roƙonki ki tambayi maƙwabta ko gida yana cin ambaliya, don har yau ba mu manta da daren 3 ga Yuni, 2015 ba, da ambaliya da gobarar gidan mai suka haɗu a shataletalen Kwame Nkrumah da ake kira Circle. In kin samu hutu, ki hau dutsen Aburi ki ga lambun da aka buɗe tun 1890.

Maganar kiɗa gaskiya ce. Ranar Asabar ta jana'iza ce, za ki ga an kafa rumfuna, mutane cikin ja da baƙi, lasifika na tashi har dare. Lahadi coci-coci su karɓa. A trotro, wato motar haya, direba na iya sako kiɗan highlife irin na zamanin E.T. Mensah, ko mai wa'azi ya miƙe a tsakiyar mota. Amma akwai lokacin da na fi so, wajen Mayu zuwa Yuni, sarakunan ƙabilar Ga, 'yan asalin Accra, suna hana kaɗa ganga da tayar da hayaniya na tsawon wata guda kafin bikinsu na girbi, Homowo. Mu ma 'yan Zango muna kiyayewa, don garin iyayensu ne.

Abin da nake jin tsoro shi ne ki zo ki ƙule tsakanin aji da Zango. A Nima za ki sha koko da ƙosai, ki ji Hausa ko'ina, ki yi Juma'a a babban masallacin Kanda da aka buɗe a 2021, har ki manta kin bar gida. Ki fita ki ga gari. Duk watan Agusta ana bikin Chale Wote, wanda aka faro a Jamestown a 2011, masu zane suna cika bango da titi da launi. Cikin fitattunsu akwai Moh Awudu, ɗan Nima ne, yaron unguwarmu. A Teshie kuma kafintoci na sassaƙa akwatin gawa da siffar kifi ko kwalekwale, gwargwadon sana'ar mamaci. Ba al'adarmu ba ce, amma aikin hannun ya cancanci ki tsaya ki duba.

Kada ki manta katin rigakafin shawara, ana tambayarsa wajen shigowa. Ki sanar da ni ranar tasowarki in zo tarbarki. Ki gaida Umma da kyau.