Tambaya da Amsa: Wace Na'urar Amsa Kira Ta Dace da Mai Tuƙi?

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Ni ɗan kasuwa ne mai harkar wake da aya da riɗi, kuma mafi yawan lokacina ina kan hanya ne tsakanin Maraɗi da kasuwannin Cadawa da Tasawa da Gidan Rumji. Motata tsohuwar Hilux ce wadda rediyonta ba ya haɗuwa da salula. Ina riƙe da salula biyu, ɗaya da layin gida, ɗaya kuma da layin Najeriya saboda abokan cinikina na Jibiya da Katsina, kuma ba a daɗewa ba a kira ɗaya daga cikinsu ba. Iyalina sun matsa mini in daina ɗaukar waya da hannu ina tuƙi. Na je shagunan masu sayar da salula na ga na'urorin Bluetooth iri-iri, kowane mai shago yana yabon tasa. Wacce ya kamata in saya, kuma me zan duba? Daga wani Alhaji, unguwar Zariya, Maraɗi.

AMSA: Wa alaikumus salam, Alhaji. Iyalinka sun yi gaskiya, kuma lissafi mai sauƙi yana bayansu, domin motar da ke gudun kilomita 90 a awa tana cin mita 25 a kowace daƙiƙa, ke nan daƙiƙa 3 da za ka ɗauka kana lalube a aljihu kana duba sunan mai kira sun isa motar ta yi mita 75 ba tare da idonka yana kan kwalta ba. Wanda ya san hanyar Tasawa ranar kasuwa, da amalanken shanu da ƴan kabu-kabu da yara masu talla a bakin titi, ba ya bukatar a yi masa dogon bayani a kan abin da mita 75 ke iya ƙunsa.

Na'urorin da ka gani ba su wuce iri uku ba. Akwai wadda ake maƙalawa a jikin marfin kare rana da ke saman gilashin gaba, tana da batirinta da lasifikarta da makirfonta. Akwai wadda ake cusawa a ramin kunna sigari, ta karɓi sauti daga salula ta tura shi zuwa rediyon mota ta zangon FM. Sai kuma ƙaramar da ake haɗawa da rediyo ta waya, idan rediyon yana da ramin AUX. Ga mota irin taka da aiki irin naka, shawarata ita ce ta farko, kuma dalilin yana ga makirfo.

Mai saye yakan tsaya a shago ya saurari ƙarar lasifika, idan ta yi ƙarfi sai ya biya ya tafi. Amma ƙarar lasifika rabin magana ce, kuma ita ce rabin da ya fi sauƙin samu. Abin da ke raba na'ura mai kyau da ta banza shi ne yadda mutumin da ke ɗaya ɓangaren yake jin muryarka a lokacin da injin gazuwal ke ruri, iska na shigowa ta taga, tayoyi kuma suna bugun ramuka. Wadda ke maƙale a marfin kare rana tana kusa da bakinka, alhali ta ramin sigari tana can ƙasa wajen giya, inda ta fi jin inji fiye da direba. Saboda haka ne za ka ji abokin magana yana ta cewa ka ƙara murya, kai kuma ka sunkuya kana ɗaga murya wajen giya, har amfanin da aka sayi na'urar dominsa ya ɓace. Ta ramin sigari tana da wata matsalar kuma: tana aiki ne a kan zangon FM da babu tashar da ke kansa, tsakanin 87.5 da 108, kuma zangon da yake fanko a Maraɗi yana iya kasancewa da tasha idan ka kusanci wani garin, sai shuu ya shiga cikin magana, hannunka ya koma murɗa rediyo. Tana da arha, tana kuma da kyau ga mai son sauraron karatu ko labarai daga salularsa, amma ba ita zan ba mai yawan amsa kira ba.

A jikin kwali ka nemi abubuwa uku game da sauti. Na ɗaya, ta kasance tana rage hayaniyar da ke kewaye. Na biyu, ta kasance tana hana muryar mai kira komawa gare shi, domin idan lasifika da makirfo suna cikin gida ɗaya, makirfon yakan kwashi muryar da ta fito daga lasifika ya mayar wa mai ita, ya riƙa jin kansa sau biyu. Na uku, ta bar mutum biyu su yi magana a lokaci guda ba tare da ta yanke muryar ɗaya ba. Masu arha da yawa sukan toshe makirfo muddin lasifika tana magana, kuma duk wanda ya san yadda ake ciniki ya san ba a jira wani ya kai aya kafin a tanka masa. Sai dai kuma rubutun kwali ba hujja ba ne, musamman a kasuwar da jabu ya yi yawa, inda ake buga sunan sanannen kamfani irin Jabra a jikin abin da kamfanin bai taɓa ƙerawa ba. Hujjar ita ce gwaji, kuma ina roƙonka kada ka ji nauyin yin sa. Ka ce wa mai shago ya biyo ka mota ko ya haɗa ka da yaronsa, ka maƙala na'urar a inda za ta zauna, ka tayar da inji, ka sauke gilashi rabi, sannan ka kira wani na gida wanda ba zai ji kunyar gaya maka gaskiya ba, ka tambaye shi ko yana jin ka sarai, ko kuma yana jin muryarsa tana dawo masa. Mai shagon da ya ƙi yarda da wannan gwaji, ko ya ƙi amincewa ka dawo da ita idan ba ta yi ba, ka bar masa kayansa.

Batun salularka biyu yana da muhimmanci ƙwarai, kuma a nan ne mutane suka fi yin asarar kuɗinsu. Ba kowace na'ura ce ke riƙe salula biyu a lokaci guda ba. Waɗanda ke iyawa akan rubuta Multipoint a kwalinsu. Ka haɗa duka biyun a gaban mai shago, a kira layin gida ka amsa, a kira na Najeriya ka amsa, domin idan ɗaya kaɗai take riƙewa, ranar da ɗayar ta yi ƙara hannunka zai koma aljihu kamar da. Wanda layukansa biyu suke cikin salula ɗaya ba ya bukatar wannan. Haka kuma ka tabbata tana ɗauke da abin da ake rubutawa A2DP tare da HFP. HFP shi ne na kira, A2DP kuma shi ne ke fitar da sauran sauti, kamar saƙon murya na WhatsApp da muryar taswira mai nuna hanya. Lambar Bluetooth kuwa, ko 4.2 ko 5.0 ko sama da haka, kada ta ɗauke maka hankali: sababbi suna aiki da tsofaffi, kuma nisan kimanin mita 10 da ƙananan na'urori ke kaiwa ya fi ƙarfin cikin mota.

Daga nan sai maɓalli. Ina son na'urar da ke da babban maɓalli guda a tsakiya, wanda yatsa zai same shi ba tare da ido ya bar hanya ba, a danna a amsa, a sake dannawa a kashe. Masu ƙananan maɓallai biyar a jere, ko masu aiki da shafawa, sun fi kyan gani a shago, amma a kan hanya mai gargada suna tilasta wa direba ya ɗaga kai ya duba. Wasu suna amsa umarnin baki, sai dai umarnin da Turanci yake ko Faransanci, kuma hayaniyar mota takan rikita su, don haka kada ka ƙara jika ko ɗaya saboda wannan. Abin da ya cancanci ƙarin kuɗi shi ne ta riƙa haɗuwa da salula da kanta da zarar ka shiga mota, domin na'urar da sai an tuna an kunna ta, ranar gaggawa a kashe za a bar ta.

Zafin garinmu ma yana da nasa hukunci. Batirin waɗannan na'urori na litiyom ne, kuma zafi ne babban abin da ke kashe shi. Ƙa'idar cajinsa ba ta wuce digiri 45 ba, alhali motar da aka rufe a rana a watan Afrilu ko Mayu cikinta yana iya haura digiri 60. Idan za ka bar mota a filin kasuwa tun hantsi har la'asar, ka zare na'urar ka tafi da ita, kuma kada ka taɓa barin ta a kan caji a ƙarƙashin gilashi. Ranar da ka ga bayanta ya kumbura, ka daina amfani da ita nan take. A lokacin hunturu kuma ƙura takan toshe ɗan ramin makirfo, murya ta dusashe a zaci lalacewa ta yi, alhali busasshen buroshi mai laushi ya isa ya gyara ta. Ka zaɓi wadda bakin cajinta ya yi daidai da na salularka, domin waya ɗaya ta ishe ka a mota.

Akwai abu biyu da na'urar ba za ta yi maka ba. Ba ta ƙara ƙarfin rezo. Inda layi ke yankewa a tsakanin garuruwa zai ci gaba da yankewa. Na biyun ya fi nauyi, kuma ba zan ɓoye maka shi ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana cewa direban da ke amfani da salula ya fi wanda ba ya amfani da ita yiwuwar yin haɗari kusan sau 4, ta kuma ƙara da cewa wayar da ba a riƙe da hannu ba ta fi ta hannu aminci da wani abu mai yawa ba. Dalili shi ne hannu kaɗai na'urar ke saki, hankali kuwa yana can wajen mai magana. Mutumin da ke lissafin buhu nawa a jika nawa, yana juya sefa zuwa naira a ka, idonsa yana kan hanya amma ƙafarsa takan makara wajen taka birki. Don haka ka ɗauki na'urar a matsayin abin faɗin magana ɗaya ko biyu: ina tuƙi, na kusa Agiye, zan kira ka idan na tsaya. Ciniki da rikicin kuɗi da duk wani labari mai tayar da hankali, ka sauka gefen hanya inda babu kwana, ka gama su a tsaye. Kuma tun da lasifika kowa na cikin mota yana jin ta, ka saba da sanar da mai kira tun farko cewa akwai mutane tare da kai, kada ya faɗi sirrinsa ko naka a kunnen yaran mota.

TAMBAYA: Malam, ni direban babbar mota ne mai jigila tsakanin Maraɗi da Yamai. Na sayi irin ta ramin sigari har sau biyu, kowacce ta ƙone a ranar da na saka ta. Ko jabu ake sayar mini? Daga wani direba, unguwar Sabon Gari.

AMSA: Malam direba, mai yiwuwa ne ba jabu ba ce, wutar motarka ce ta fi ƙarfinta. Ƙananan motoci suna aiki da bolt 12, manyan motoci kuwa galibinsu bolt 24 ne, kuma na'urar da aka ƙera don 12 kaɗai ba ta jure 24. Ka duba ƙananan rubutun da ke jikinta kafin ka biya, sai ka ga an rubuta 12 zuwa 24 sannan ka saka. Ka kuma sa mai gyaran wutar mota ya auna ramin ya duba fis ɗinsa, domin wasu motocin an taɓa musu wayoyi. Da yake gaban babbar mota ya fi faɗi ya kuma fi hayaniya, kai ma wadda ake maƙalawa a marfin kare rana ta fi dacewa da kai, ka riƙa yi mata caji da caja mai karɓar bolt 24 tana fitar da bolt 5. A tafiyar da ta haura kilomita 600 ka nemi mai batirin da zai kai ka Yamai ba tare da ka nemi caji a Ƙonni ba.

TAMBAYA: Ni malamar makaranta ce, tuƙina bai wuce cikin gari ba. Abin kunne mara waya da nake da shi bai wadatar ba? Daga wata Malama, unguwar Ali Ɗan Sofo.

AMSA: Malama, ban ba ki shawarar tuƙi da shi ba, musamman idan kunne biyu yake toshewa. A cikin gari kunne abokin aikin ido ne, domin sau da yawa hon ɗin ɗan kabu-kabu ko na adaidaita za ki fara ji kafin ki gan shi a madubi, haka ma jiniyar motar asibiti. Saboda irin wannan dalili ne Faransa ta haramta wa masu tuƙi sa abin kunne tun ranar 1 ga Yulin 2015, amma ta bar lasifikar da ba ta shiga kunne. Ga shi kuma yakan faɗo a ƙarƙashin kujera, direba ya sunkuya nemansa mota tana tafiya. Tun da tafiyarki gajera ce, daga gida zuwa makaranta, ba lallai ne ki kashe kuɗi a kan wata na'ura ba: ki sa salular cikin jaka, ki ajiye jakar a kujerar baya, duk wanda ya kira ki neme shi bayan kin isa.