Kwamfutocin ofis sun ƙi shiga domen: ina matsalar take?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni ke kula da kwamfutocin wani ƙaramin ofis, muna da uwar garke ɗaya (babbar kwamfutar da ke yi wa sauran hidima) mai Windows Server, na kuma kafa Active Directory a kanta, wato tsarin da ke riƙe da rajistar asusun ma'aikata da kwamfutoci. Duk kwamfutar da na yi ƙoƙarin shigar da ita domen, wato rukunin kwamfutocin da uwar garken ke kula da su, sai ta ce ba ta samu uwar garken ba. Ga shi kuwa intanet na aiki lafiya lau, idan na yi ping (gwajin aika ɗan saƙo) zuwa adireshin uwar garken ma tana amsawa. Wani ya ce in sake loda Windows. Me ka gani?

Amsa: Wa alaikumus salam. Don Allah kada ka sake loda komai, wahalar banza za ka sha, ka gama ka tarar da matsalar tana nan inda ka bar ta. Yadda ka bayyana abin nan, DNS nake zargi, wato tsarin da ke fassara suna zuwa adireshin na'ura, kuma a ƙananan ofisoshi kusan kullum can ne cutar take.

Amsawar ping tana nuna cewa waya lafiya, hanya a buɗe take, shi ke nan. Amma kwamfutar da ke son shiga domen ba da lambar IP take neman uwar garke ba. DNS take tambaya: wace na'ura ce ke riƙe da wannan domen? Amsar tana cikin wani rikodi da ake kira SRV, wanda uwar garken ke rubutawa a DNS ɗinta na cikin gida. To a yawancin ofisoshi rauta, na'urar da ke haɗa ofis da intanet, ita ce ke raba adireshi, sai ta ba kowace kwamfuta adireshin kanta a matsayin DNS, ko na kamfanin intanet, ko 8.8.8.8 na Google. Waɗannan sun san hanyar kowane shafi na duniya, amma ba su taɓa jin sunan domen ɗinka ba. Kamar ka tare baƙon da ya sauka yau ne kana tambayarsa ina gidanku yake.

Je ka kan ɗaya daga cikin kwamfutocin, ka buɗe cmd, tagar da ake rubuta umarni a ciki, ka rubuta ipconfig /all. Sauka ƙasa ka nemi layin DNS Servers. A ce uwar garkenka tana kan 192.168.1.10, rauta kuma 192.168.1.1. Idan ka ga lambar rauta a layin nan, ka kama ɓarawon. Canza ta zuwa ta uwar garke, ka rubuta ipconfig /flushdns, sannan ka gwada nltest /dsgetdc: tare da cikakken sunan domen ɗin a manne da shi. Idan ta dawo maka da sunan uwar garken da adireshinta, sai ka sake gwada shiga, kuma cikakken suna za ka rubuta, mai ɗigo a ciki, ba gajeren ba.

Akwai kuskuren da nake so ka kiyaye, domin masu ƙwarewa ma suna faɗawa ciki. Mutum ya sa uwar garke a matsayin DNS na farko, sai ya sa 8.8.8.8 a na biyu wai don ko-ta-kwana. Duk ranar da uwar garke ta ɗan yi jinkirin amsawa, Windows na iya komawa kan na biyun, daga nan sai ka ga yau abu ya yi, gobe ya ƙi, ka rasa kansa. Irin wannan matsalar mai zuwa tana tafiya ta fi wadda ta tsaya cak wuyar ganewa. Wurin 8.8.8.8 yana can cikin saitin DNS na uwar garke, a sashen Forwarders, ita za ta riƙa miƙa tambayoyin waje a madadin kowa.

Gyara na dindindin kuwa a wajen raba adireshi yake. Ko dai ka kashe DHCP (tsarin raba adireshin) na rauta ka kunna na uwar garke, wanda shi na fi so, ko ka saita rautar ta riƙa ba da adireshin uwar garke a matsayin DNS. Kada ka bar su biyun a kunne suna rige-rigen amsawa. Ita kanta uwar garken a ba ta adireshi tsayayye. Sannan ka ƙara duba layin nan na DNS da kyau: idan ka ga wani dogon adireshi a sama, mai farawa da fe80 misali, rauta ce ke tallata kanta ta IPv6, sabon tsarin adireshi, kuma Windows takan fifita shi. A kan rautar ake gyara wannan. Microsoft ba ta ba da shawarar kashe IPv6 gaba ɗaya a kan kwamfutoci ba.

Tambaya: Malam, mun sayo sababbin kwamfutocin tafi-da-gidanka biyu, amma wurin da zan zaɓi domen a dushe yake, ba ya dannuwa. Ni ce sakatariya, ni aka ɗora wa aikin.

Amsa: Malama, ba laifinki ba ne. Danna maɓallin Windows da R tare, ki rubuta winver. Idan kin ga Home a rubuce, to wannan nau'in ba ya shiga domen sam, sai Pro ko Enterprise ko Education. Babu dabarar da za ta kewaye wannan. A sayi lasisin Pro na halal a ɗaga su, fayilolinku ba za su taɓu ba.

Tambaya: Tawa ta ga domen ɗin, har ta nemi suna da kalmar sirri, amma da na shigar sai ta ƙi. Na tabbata kalmar daidai ce.

Amsa: Ɗan'uwa, ka wuce rabin hanya, tunda ta kai ga neman kalmar sirri to ta gano uwar garken. Fara da agogo. Tsarin tantancewa na Kerberos ba ya lamuntar bambancin da ya wuce minti 5 tsakanin kwamfuta da uwar garke, matuƙar ba a canza saitin ba. Kada ka tsaya ga abin da agogon ke nunawa a kusurwar allo, duba yankin lokaci. Na'urori biyu na iya nuna ƙarfe 10:00 dukansu, alhali yankin ɗaya ba daidai yake ba, ka ga a zahiri awa guda ko fiye ce tsakaninsu. Tsohuwar kwamfutar da ke manta kwanan wata duk sanda aka kashe ta kuwa, ƙaramin batirin cikinta ne ya mutu, CR2032, a canza shi.

In agogo lafiya, duba asusun da kake amfani da shi. Asusun ma'aikaci na gama-gari kwamfuta 10 kaɗai aka ba shi damar shigarwa, ta 11 za ta ƙi. Haka nan tun sabuntawar tsaro ta Oktoba 2022, Windows takan hana sake amfani da sunan kwamfutar da ke rajista a domen idan wani asusu daban ne ya ƙirƙire shi, lambar kuskuren ita ce 0xaac. Wannan ya fi samun wanda ya sake loda Windows ya mayar wa kwamfutar tsohon sunanta. Idan ka tabbata babu wata na'ura da ke aiki da sunan, goge tsohuwar rajistar a Active Directory, ko ka ba kwamfutar sabon suna wanda bai wuce harafi 15 ba. Idan kuma akwai wata manhajar tsaro ko katanga (firewall) a tsakani, a tabbatar ƙofofin sadarwa (ports) masu lamba 53, 88, 135, 389 da 445 a buɗe suke zuwa uwar garke.

Kafin ka taɓa ko ɗaya daga cikin waɗannan, buɗe fayil ɗin C:\Windows\debug\NetSetup.log da Notepad. Windows na rubuta kowane mataki na yunƙurin shiga a ciki, da lokacinsa. Gangara can ƙarshe, ka riƙa karantowa sama har ka iske layin farko da ya nuna gazawa, yawanci da lamba mai farawa da 0x a gefensa. In ba ka gane ta ba, kwafo layukan ƙarshen ka aiko mini, amma ka fara goge sunan domen da na asusunka.