Yaya, ga amsar maganar bindigar da ka gani a hoto

Tun da hoton nan ya shiga rukunin gida na WhatsApp saƙonni suke shigo mini, kowa da irin tasa fassarar. Kai ne ka fito fili ka tambaya: me Bahaushe yake yi da injin ɗura harsashi a garejinsa a Texas ta Amurka, ko kuwa matar da na aura a nan ce ta juya ni? To ga amsa, ka karanta wa Hajiya.

Na san halin da ake ciki. Wanda ya ga abin da ɓarayin daji suka yi wa Zamfara da Katsina, in ya ga ƙaninsa riƙe da bindiga dole gabansa ya faɗi. Ban raina wannan ba. Sai dai wadda ka gani ba irin tasu ba ce. Kwaikwayon Winchester ce samfurin 1873, kamfanin Uberti na ƙasar Italiya ke ƙera ta. Tana da mariƙi a ƙarƙashi, sai ka ja shi ƙasa ka mayar kafin kowane harbi. Harsashinta, wanda ake kira .44-40, shi ma tun 1873 yake, ba kowane kanti ke ajiye shi ba, in ka samu kuma da tsada. A 2020 da aka yi ƙarancin harsashi a Amurka ɓacewa ya yi ɗungurungum. Shi ya sa masu irin wannan bindiga suke tsince kwansonsu bayan harbi, su wanke, su sake ɗurawa.

Aikin na mai haƙuri ne. Bakin kwanson .44-40 siriri ne, ka matsa da gaggawa ya lanƙwashe, ka yi asara. Kan dalmar dole ya zama mai faɗi, domin harsasan a jere suke kwanciya cikin bututun da ke ƙarƙashin bindigar, kan wannan a gindin wancan, mai tsini yana iya tayar da na gabansa. Albarushi kuwa ba a kintata shi. Akwai littattafan awo irin na Lyman da Hornady, abin da suka rubuta shi ake bi, a kan sikeli, ƙofa a rufe, waya a kashe. Kada ma wani yaro a gida ya rubuto yana neman awo, ba zan bayar ba, dokar Najeriya daban take da ta nan.

Wanda ya koya mini surukina ne, mahaifin uwar 'ya'yana. A nan nake so ka saurare ni da kyau, don na san maganar da ake yi a bayana tun ranar ɗaurin aure. Dattijon nan bai taɓa sa mini naman alade a gaba ba. In muka fita farautar barewa a watan Nuwamba, shi yake duba agogo ya ce lokacin sallarka ya yi. Ya san sai na yi bisimilla kafin in harba, in na tarar da ita da rai in yanka. Surukai nawa ne a gida suke yi wa mijin 'yarsu wannan kara?

Kuma Yaya, kai da ka girme ni ka fi ni tuna Kaka da bindigarsa ta toka. Ka manta yadda yake zama a zaure yana ɗura ta, ya zuba albarushi, ya tura tsumma, ya danna da sanda, mu kuma an kore mu can bakin ƙofa muna leƙe? Da kaka ta yi, an kawar da amfanin gona, sai su bi Sarkin Baka su shiga daji da karnuka. Ba wanda ya ce ya bar Hausa. Ni da na sa sikeli a inda shi yake awo da tafin hannu, ni ne na zama Bature?

Kada ka ɗauka duk Hausawan nan haka suke. Yawancinsu likitoci ne da injiniyoyi da direbobi, ba su taɓa riƙe bindiga ba, wasu ma suna yi mini kallon da kuke yi mini. Amma in aka yi taron suna na kawo dambun naman barewa, ba ya kwana.

Akwai masu gasar harbi da irin waɗannan tsofaffin bindigogi, ƙungiyarsu SASS tun 1987 take, suna sa hular kaboyi da takalmansu. Nakan je, amma da hulata ƙube nake zuwa, sun saba. Wani tsoho a cikinsu ne ya fara ba ni labarin Bass Reeves, baƙar fata da aka haifa cikin bauta, ya zama mataimakin mashal, wato jami'in tsaro na gwamnatin Amurka, a 1875 yana kamo masu laifi. Finafinan kaboyi da muka kalla a sinima muna yara ba su nuna mana irinsa ba.

Abin da ke damuna dai Hausar yara. Babban yana ji, amsawa ce sai da Turanci, ƙaramar kuwa gaisuwa kawai ta iya. Kun iya yi musu dariya a waya in sun karya harshe, shi ya sa suke gudu in na ce ga Baffa. Ku riƙa jan su da hira a hankali.

In an samu mai zuwa, Hajiya ta aiko da yajin kilishi da daddawa. Kada a haɗo da nama, a filin jirgi za a ƙwace.